Gidan Ƙasa, Gidan Bulo da Sanyin Hunturu a Bauchi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kwana a ɗakin kakata a cikin tsohon garin Bauchi, ba nisa da fadar Sarki, kuma ban san cewa hunturu abin shakka ne ba sai da na girma na gina nawa gidan a bayan gari. A wancan ɗaki na ƙasa, mai rufin soro da azara, gwado ɗaya ne yake isar mu ni da ƙanena ko da a tsakiyar watan Janairu, sai dai idan za a fita alwalar Asuba ne mutum yake jin ɗari ya sare shi a tsakar gida. A nawa gidan kuwa, na bulo da siminti da rufin kwano, wanda na shafe shekara shida ina tara kuɗinsa, a hunturunmu na farko na farka wajen ƙarfe uku na dare na tarar da yara sun dunƙule wuri guda kamar 'yan tsaki, kowannensu da rigar sanyi da safa, ga bargo biyu a kansu, amma ƙaramin yana ta rawar ɗari. Tun daga wannan daren na fara tambayar kaina abin da ya sa ɗakin tsohuwa, wanda muke yi wa kallon ginin talauci, ya fi gidan da nake tinƙaho da shi iya riƙe ɗumi.

Sanyinmu na nan yana da irin tasa ɗabi'ar, wadda ya kamata a fahimta kafin a yi maganar yadda za a yi da shi. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan juyo daga arewa maso gabas, ta ratso Hamadar Sahara a bushe, tana ɗauke da ƙurar da akasarinta daga kwarin Bodele na arewacin ƙasar Chadi take tasowa, wurin da a zamanin da can yake ƙarƙashin ruwan babban Tafkin Chadi. Da yake iskar ba ta da laima, sararin sama kuma babu gajimare, duk zafin da ƙasa ta sha da rana yana sulalewa sama da zarar rana ta faɗi, babu abin da zai tare shi. Shi ya sa a rana ɗaya ma'aunin zafi zai iya kaiwa digiri 30 da azahar, sannan ya sauko zuwa 13 ko 14 kafin ketowar alfijir, a wasu darare ma ƙasa da haka. Garin Bauchi yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga teku, Jos kuma ta haura mita 1,200, don haka 'yan'uwanmu na Toro da Dass da Tafawa Ɓalewa da Bogoro, waɗanda suke gindin tsaunukan Filato, sun fi mu shan muku-muku. Abin lura a nan shi ne, ko a tsakiyar hunturu muna da zafi kyauta na awa shida ko bakwai a kowace rana. Ba rashin zafin ne yake damunmu ba, gidajenmu ne ba sa iya ajiye shi zuwa dare.

Magabatanmu sun san wannan ba tare da sun riƙe ma'aunin zafi ba. Bangon ɗakin kakata ya kai kamu biyu a kauri daga ƙasa, an ɗora shi da tubali da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, rufinsa kuma ƙasa ce a kan azara, an shafe ta da makuba saboda ruwan sama. Irin wannan bango yakan yini yana shan zafin rana a hankali, zafin ba ya ƙarasowa cikin ɗaki sai bayan awoyi masu yawa, wato daidai lokacin da waje ya fara sanyi. Da rana ɗakin da sanyi-sanyi, da dare kuma da ɗumi. Taga guda ce ƙarama can sama, ƙofa gajeriya ce da asabari a rataye, kuma da wuya ka ga an buɗe taga babba ta fuskar gabas, domin daga can ruwan damina mai iska yake bugowa, daga wannan nahiyar kuma jaura take kaɗowa. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya san yadda iska take sauyawa a jikin mutum da zarar ya ƙetare bakin ƙofa. Mukan je irin waɗannan wurare mu yaba kyan bakan gizon rufinsu, mu ɗauki hoto, mu manta cewa magininsu yana kuma lissafin yadda mutum zai yi barci a ciki.

Ba ina cewa kowa ya rushe gidansa ya koma ginin ƙasa ba. Ni ma na san dalilin da ya sa aka guje shi: yaɓe duk shekara, tsoron zubar soro a watan Agusta, gara, da ƙarancin magina na ƙwarai. Amma ya kamata mu faɗi gaskiyar abin da muka musanya. Bulon inci shida mai rami a ciki ba shi da nauyin da zai adana zafi mai yawa, kwano kuma kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, da rana ya gasa ka, da dare ya zama kamar faifan ƙanƙara a bisa kanka. Iska mai ɗumi sama take tashi, saboda haka a ɗakin da babu silin duk ɗumin numfashinku da na jikinku yana hawa ya taɓa kwano ya fice. Ga tagogin luba da ba sa rufuwa ruf, ga tayil a ƙasa wanda taka shi da asuba kamar taka ruwan randa ne, ga ratar da kafinta yakan bari tsakanin bango da rufi. Gidana duk ya haɗa waɗannan, domin kuɗi sun ƙare kafin a kai ga silin, na ce a bari sai an samu sarari, muka tare a haka.

Ƙanena, wanda muka yi kwanan gwado ɗaya da shi, yanzu a Ingila yake aiki. Da na kai masa kukan sanyi ta waya sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, digiri 13 ai mu a nan ranar fita shan iska ce." Na bar shi da dariyarsa. Da ya zo hutu a watan Disamba na shekarar da ta biyo baya, shi ne ya fi kowa neman bargo, har yana tambayata yadda muke iya kwana a haka. A nan ne ya yi mini bayanin yadda nasu tsarin yake. A yawancin gidajen Ingila akwai tukunyar dumama ruwa guda ɗaya mai aiki da iskar gas, famfo yana tura ruwan zafin ta cikin bututu zuwa wasu fayafayan ƙarfe da aka kafa a jikin bangon kowane ɗaki, galibi a ƙarƙashin taga, ruwan ya saki zafinsa ya koma tukunya a sake dumama shi. Akwai kuma wata 'yar na'ura a bango da take auna ɗumin gidan, idan ya sauka ƙasa da inda aka saita ta kunna tukunyar, idan ya kai ta kashe. Ta haka mutum zai kasance cikin digiri 20 a ɗakinsa alhali a waje ruwa yana daskarewa. Ya ce sanyi a can a kan titi yake, mu kuwa namu har kan gado yake bin mu.

Abin da ya fi jan hankalina a bayaninsa ba tukunyar ba ce. Cewa ya yi tagoginsu gilashi biyu ne da iska a tsakani, bangayen gidaje da yawa ruɓi biyu ne da aka cusa wa abin hana zafi fita, saman silin kuma an shimfiɗa wani abu mai kama da auduga mai kauri. Wato su ma, duk da gas ɗinsu, sun gane cewa hura zafi a gidan da yake yoyon iska ɗibar ruwa ne da kwando. Ya ƙara da cewa a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, har mutane da yawa suka koma dumama ɗaki ɗaya kawai, suna sa kaya ruɓi-ruɓi a cikin gida kamar yadda muke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na gidaje da lafiya na 2018, ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, musamman saboda tsofaffi da yara da marasa lafiya. Da na sayi ɗan ma'aunin zafi na rataye a ɗakin yara, na ga da asuba yana nuna 15, wani lokaci 14.

Irin wancan tsari na Turai ba namu ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ya zama namu ba, domin babu mai hankalin da zai binne bututu a gida saboda sanyin mako takwas ko goma, a garin da sauran watanni zafi ne abin gudu. Na'urar dumama ɗaki ta lantarki ma, wadda ake sayarwa a shaguna, lissafinta ba ya fita. Mai ƙarfin wat 2,000 tana cin yunit biyu a kowace awa, idan ta yi awa biyar ta ci yunit goma, kuma a lokacin da aka ɗaga farashin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa sama da naira 200 a kan yunit a watan Afrilu na 2024, wannan ya haura naira 2,000 a dare ɗaya a ɗaki ɗaya, in ma an bar wutar ta kwana. Wanda zai tayar da janareta saboda ita kuwa, tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sai dai mu ce Allah Ya ƙara masa buɗi. Saboda haka talaka da mai matsakaicin hali duk abu ɗaya suke komawa gare shi, wato kaskon wuta da gawayi, kuma a nan ne na kusa yin asarar da ba ta da mayarwa.

A wani dare na ƙarshen Disamba jaura ta kaɗa tun magariba, sai na sa aka hura gawayi a kasko a tsakar gida. Na jira har hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jajir, sannan na shigar da shi ɗakin da uwargida da yara suke, na rufe ƙofa da taga, na toshe ƙasan ƙofar da tsumma don kada ɗumin ya fita. A ganina na yi dabara, tunda kowa ya san hayaƙi ne abin gudu, ga shi kuwa babu hayaƙi. Wajen ƙarfe biyu na ji uwargida tana bubbuga ƙofata a hankali, tana dafe da bango, ta ce, "Malam, kaina kamar zai tsage, ga jiri, kuma yarinyar nan ta yi amai." Da na shiga ɗakin ban ji warin komai ba, amma babban yaron da ƙyar na tashe shi, yana kallona kamar bai san ni ba. Allah Ya ba ni ikon fitar da kaskon, na wangale ƙofa da tagogi, muka kwaso su zuwa tsakar gida cikin wannan ɗari, daga nan muka wuce asibiti. Likitan da ya duba su bai ɓoye mini komai ba. Ya ce da uwargida ta ƙara awa ɗaya ba ta farka ba, da wani labarin ake yi.

Abin da ya same su iskar kabon monoksaid ce, wadda gawayi yake fitarwa idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye kamar hayaƙin itace, kuma garwashin da ya yi ja yana ci gaba da fitar da ita. Idan ta shiga huhu tana kama sinadarin jinin da yake ɗaukar iskar shaƙa da ƙarfin da ya ninka na ita iskar fiye da sau 200, sai jini ya riƙa zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba. Mai barci ba ya jin komai, barcin ne kawai yake ƙara nauyi. Sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki a rufe, aka ce guba ce a abinci, ko aka ɗora wa iskokai? Ba na musun cewa ajali idan ya zo babu makawa, amma ina ganin da yawa daga irin waɗannan labarai, da za a duba, da an ga kasko a gefen gado ko janareta a cikin baranda. Hayaƙin janareta wannan iskar ce dai yake ɗauke da ita.

Da Inna ta zo duba jikokinta ta ji abin da ya faru, sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai da ka tashi a hannun tsohuwa, yaushe ka taɓa ganin ta kwana da wuta a ɗaki a rufe?" Sai a lokacin na tuna. Kakata takan shigo da kasko bayan sallar Isha, mu ji ɗumi muna hira, tana tsokanata da cewa mijin nata rago ne mai tsoron sanyi, amma kafin ta kwanta sai ta fitar da shi ko ta binne garwashin da toka a waje don kunna wutar safe. Kuma ɗakin nata ba ya taɓa rufuwa ruf, asabari ne a ƙofa, ga 'yar tagar sama a buɗe. Ni na ɗauko rabin al'adar na bar rabi, na kai ta ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe, na kuma toshe da tsumma. Ba kuma duk abin da aka gada ne zan wanke ba. Gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa don mai jego, haɗe da wankan ruwa mai tsananin zafi da kunun kanwa, likitoci a Zariya tun a shekarun 1970 suka danganta su da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa. Ɗumi ma idan ya wuce kima cuta ne.

Bayan wannan dare na sauya tsari gaba ɗaya, kuma abin da ya fi yi mini amfani shi ne silin. Na fara da ɗakin yara kawai, saboda abin da aljihu ya iya ke nan, na sa kafinta ya toshe ratar da ke tsakanin bango da kwano, kuma a daren farko ma'aunin ya nuna bambancin da ya kai digiri biyu zuwa uku. Wannan silin ɗin ne kuma ya rage mana azabar zafin watan Afrilu, don haka kuɗin bai tafi a kan hunturu kaɗai ba. Tagogin da suke fuskantar gabas da arewa na rufe su da leda mai kauri daga ciki, uwargida ta ɗinka labule masu nauyi daga tsofaffin barguna da ta saya a wajen 'yan gwanjo a kasuwar Wunti, muka shimfiɗa tabarma a kan tayil, muka ɗora darduma a kanta. A watan Disamba rana ta kudu take karkata, saboda haka tagar kudu muke buɗe wa labule daga hantsi zuwa la'asar don rana ta shiga ta dumama bango da ƙasa, sannan a rufe komai kafin magariba. Ƙura takan shigo, ba shakka, sai dai shara da goge-goge sun fi sauƙi a kan tarin yaro.

Sauran duk a jikin mutum ne. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, saboda iskar da take maƙalewa a tsakaninsu. Hula da safa ga yara tun kafin su kwanta, abin shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashinsu kamar yadda ake lulluɓa musu a sama, domin wanda yake kwance a ƙasa ta ƙasa sanyi yake cinye shi. Mukan zuba ruwan zafi a jarka mai murfi mai kyau, a naɗe ta da zane, a sa a ƙarƙashin bargo kafin su hau gado. Kunun gyaɗa ko na tsamiya mai zafi da daddare, shayi da citta da kanumfari da safe, man kaɗe a ƙafa da leɓe saboda faso da kaushi. Wankan yara mun mayar da shi tsakar rana. Wanda yake da mai cutar sikila ko mai asma a gida ya san cewa wannan ba gata ba ne, domin sanyi da ƙura suna tayar musu da ciwo. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne cusa mutum takwas a ɗaki ɗaya a rufe don a ji ɗumin juna, domin ƙarshen hunturu ne farkon lokacin sanƙarau a yankinmu, cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa kuma yana taimaka masa yaɗuwa. Ko a daren da ya fi kowanne sanyi, akwai 'yar kafa ta sama da nake bari a buɗe.

Kasko bai bar gidan ba, amma yanzu wurinsa tsakar gida ne. A nan muke zagaye shi bayan Isha, a gasa dankali ko gyaɗa, idan an tashi kwanciya a kashe shi da ruwa, domin a wannan lokaci komai a bushe yake, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gida, kuma hitar dafa ruwa da ake mantawa a bokiti idan an ɗauke wuta ita ma ta jawo gobara ba sau ɗaya ba. Idan na bi hanyar Jos ko ta Ningi na ga buhunan gawayi jere a bakin titi, har da na ƙirya da maƙera suke so, nakan tuna cewa kowane buhu bishiya ce da ta daina tare mana wannan iskar.

Bana ina shirin ƙara ɗaki ɗaya a bayan gida saboda Inna, wadda take so ta dawo wurinmu da zama. Na nemo wani dattijon magini daga cikin gari, na ce masa bulon ƙasa nake so, mai kauri, a ɗora shi a kan harsashin dutse da siminti, a yi rufin kwano mai faɗin baki don kare bangon daga ruwa, a sa silin, taga babba ta kudu, ƙarama ta gabas. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Alhaji, ko dai kuɗin ne suka gaza?" Na ce masa a'a, Baba, mai ɗakin ce ba ta son sanyi. Ya ce to sai a bari damina ta wuce, a samo ƙasa mai kyau daga wajen gari, kuma in tanadi ciyawa tun yanzu.